Farin tsuntsun Bali: kasuwa ce ta cece shi ko masu gadin daji?

Baban_Shaya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tsuntsun nan da mutanen Indonesiya ke kira jalak Bali, mutanen Bali kuma su ce curik, a 2001 guda shida kacal aka ƙirga a daji. A 2021 ma'aikatan gandun dajin Bali ta Yamma suka ƙirga kusan 420. Ni a ganina ba gadi ne ya kawo wannan ba, don an shafe shekaru ana gadi tsuntsun na ta ƙarewa. Abin da ya sauya shi ne gwamnati ta bar mutane su yi kiwonsa a gida su sayar da takardar shaida, farashi ya faɗi, satar na daji ta daina biyan wahalarta. Wato kasuwar da ta cinye shi ita ce ta dawo da shi. Mai ja ya fito.

Ummu_Kanari:
Wa alaikumus salam. Kafin a fara ja, a faɗa wa waɗanda ba su san shi ba wane irin tsuntsu ne.

Malamin_Halittu:
Dangin shaya ne, Hajiya, sai dai shi fari ne fat. Baƙinsa a bakin fiffike ne da ƙarshen jela kawai. Fatar da ta zagaye idonsa shuɗiya ce babu gashi, ga tukku da ke kwanciya a ƙeya, na namiji ya ɗan fi tsawo. Tsawonsa kamar santimita 25, nauyinsa wajen giram 100. Bajamushe Erwin Stresemann ne ya bayyana shi ga masana a 1912, ya raɗa masa Leucopsar rothschildi don girmama masanin dabbobi ɗan Ingila Walter Rothschild. Asalinsa babu inda yake a duniya sai gefen arewa maso yammacin tsibirin Bali. An taɓa buga hotonsa a kan kwabon rupiya 200 na Indonesiya, kuma tun 1991 shi ne tambarin lardin a cikin dabbobi.

Ɗan_Ruga:
Ashe ɗan'uwan carki ne.

Malamin_Halittu:
A tsofaffin littattafai haka ne, an haɗa carki da su a gida ɗaya. Yanzu an ware wa carki nasa gidan. Maƙwabta ne dai na kusa.

Mai_Gadin_Kurmi:
Baban Shaya, ina da ja, kuma babba. Ka haɗa shekaru biyu ka ja layi a tsakaninsu, ka ɗora komai a kan abu guda. Mu koma baya kaɗan. Tun 1970 dokar Indonesiya ta hana kama shi, yana kuma rukunin farko na yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji, wato an haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe. A 1987 aka mayar da tsuntsaye daga gidajen zoo na Amurka da tsibirin Jersey zuwa gidan zoo na Surabaya a Indonesiya, a 1988 aka fara saki. Me ya faru? Ana saki da safe, masu danƙo da raga na kwashewa da dare. A tsakiyar shekarun 1990 kuɗin guda ɗaya a ɓoye ya kai dala 2,000. A 1999 ma 'yan fashi da makamai suka shiga cibiyar kiwon da ke cikin gandun suka yi awon gaba da tsuntsaye 39 da ake shirin saki. To ka ga abin da ake kira gadi a lokacin ba gadi ba ne, suna ne kawai. Ba za ka ce gadi ya kasa ba alhali ba a yi shi yadda ya kamata ba.

Na biyu, wurin sakin ma an sauya. Da can an dage a kan Teluk Brumbun a zirin Prapat Agung da ke cikin gandun, saboda nesa yake da mutane. Amma wurin busasshe ne, da rani ruwan sha ma gagara yake. Nan ne tsuntsun ya rage, ba wai nan ne ya fi so ba. Ƙasarsa mai kyau tun da daɗewa aka mayar da ita gonakin kwakwa da na rimi da garuruwa. Da aka koma saki a wurare irin su Cekik da Labuan Lalang, kusa da hanya da gonaki da shanu, inda akwai ruwa da ƙwari da idon ma'aikata, sai ga haihuwa a daji ta kankama.

Baban_Shaya:
Na karɓi maganar wuri, Yallaɓai. Amma ka taimake ni da kanka. Wa zai kai tsuntsun dala 2,000 bakin hanya ya saki? Sai da farashi ya karye aka iya yin haka.

Mai_Gadin_Kurmi:
Wannan kam ka yi gaskiya. Rabin maganarka ke nan na yarda.

Lauyan_Daji:
A fayyace yadda tsarin yake, don kar wani ya ɗauka kowa ne ke buɗe keji ya fara ciniki. Sai da lasisi daga ofishin kula da namun daji na lardi, wanda suke kira BKSDA. Iyayen da aka fara da su da 'ya'yansu na farko ba na sayarwa ba ne. Jikoki, wato zuriya ta biyu da aka ƙyanƙyashe a keji, daga su ne ciniki ke halatta, kowane tsuntsu da zobensa da takardarsa. Kashi 10 cikin 100 na abin da aka samu kuma ana mayar wa hukuma don a saki. A 2005 aka kafa ƙungiyar APCB ta masu kiwon curik, a ƙauyen Sumberklampok da ke jikin gandun kuma aka ba mutanen gari aron iyaye su kiwata. Ya yi kama da yadda ake ba da kiwon akuya a raba 'ya'ya, sai dai nan rabon hukuma daji yake komawa. Wanda aka kama da tsuntsu babu takarda, dokar 1990 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyar da tarar rupiya miliyan 100, a 2024 kuma an yi wa dokar gyara an tsananta hukuncin.

Matsalar tana wajen takardar. Tsuntsu ya mutu a keji, takardarsa na nan da rai. Sai a nemo na daji a ɗora masa.

Mai_Keji:
Shi ya sa ake amfani da rufaffen zobe, Barista. Zobe ne da ba shi da baki, ba a buɗe shi. Ana zura shi ɗan tsako na da kamar mako guda zuwa kwana goma: a haɗe yatsun gaba uku a tura, a kwantar da na baya a jikin ƙafa, zoben ya wuce, sannan a zaro yatsan bayan da tsinke mai santsi. In an yi da wuri ya zame ya faɗi a sheƙa. In an makara ba ya wuce gaɓa, in aka tilasta a karya yatsa. Babban tsuntsu kam ba ya shiga, sai an yanka zoben an liƙe, kuma mai duba da gilashin ƙara girma zai ga tabon. Wasu na ƙarawa da ɗan ƙwayar lantarki mai lamba da ake sawa a naman ƙirji, a karanta da na'ura.

Lauyan_Daji:
Ya hana babba, Malam. Ɗan tsakon da aka ɗebo daga kogon bishiya yana kwana bakwai fa? Zoben zai shige shi lafiya lau. Abin da ke kama wannan shi ne gwajin DNA na gashinsa da na iyayen da aka ce su suka haife shi, kuma ba kowane tsuntsu ake yi wa ba saboda kuɗi. Hanya mai araha ita ce lissafi: mace ɗaya ƙwai biyu zuwa uku take yi a kwanci guda. In littafin mai kiwo ya nuna 'ya'yan da iyayensa ba za su iya bayarwa a shekara ba, an san akwai lauje cikin naɗi.

Ummu_Kanari:
Malam Mai Keji, tunda an zo nan, shin kiwon nasa wuya gare shi ko sauƙi? Don in sauƙi ne maganar Baban Shaya ta ƙara ƙarfi.

Mai_Keji:
Sa su yin ƙwai ba wuya. Raya 'yan tsakin ne aiki. Namiji da mace kusan kama ɗaya suke, tukku ba abin dogaro ba ne, don haka a fara da gwajin gashi a tabbatar ba maza biyu aka haɗa ba. Ba a zuba su keji ɗaya rana guda. A ajiye su gefe da gefe da raga a tsakani, sai an ga suna matsowa kusa suna ɗaga tukku suna rausaya kai tare, sannan a cire ragar. Namijin da bai karɓi mace ba zai iya kashe ta. Kowane aure da kejinsa, a kuma tare tsakanin keji da keji da allo, don in suna ganin maƙwabta faɗa zai ɗauke musu hankali daga sheƙa.

Akwatin sheƙa na katako ne, ƙasansa kamar santimita 20 kowane gefe, zurfinsa 30 zuwa 40, ƙofa wajen santimita 6 zuwa 7 a can sama, da 'yar murfi a gefe don dubawa. A zuba musu tsinkaye da busasshiyar ciyawa a ƙasan keji su ɗiba da kansu. Ƙwan shuɗi ne mai haske, kwanci kusan mako biyu, 'ya'yan su bar akwati bayan mako uku zuwa huɗu.

Inda ake asara: ranar ƙyanƙyasa. Iyayen da ke cin gwanda da ayaba da dunƙulen abinci a sauran lokaci, da zarar tsako ya fito ƙwari masu rai kawai suke nema. In babu, sai ka tarar da ɗan tsako a ƙasan keji sun jefo shi. A can suna ba da gyare da tsutsar gari da kroto, wato ƙwai da 'ya'yan wata jar tururuwa mai saƙa gida a ganye. Sau da yawa a yini, kaɗan kaɗan, ba a jibge sau ɗaya ba. Gyaren a cire masa ƙafafun baya masu ƙaya a kwanakin farko. Ƙwari ba su da isasshen sinadarin ƙashi, don haka a ciyar da su abinci mai kyau kwana ɗaya ko biyu kafin a ba tsuntsu, a kuma barbaɗa musu garin kalsiyam, in ba haka ba ƙafafun 'ya'yan su lanƙwashe. Yawan leƙa akwati ma na sa su watsar da 'ya'ya. Wani lokaci kuma namiji ne ke ɗokin sabon kwanci ya share sheƙar, sai a fitar da shi zuwa kejin gefe.

Daktan_Tsuntsu:
In ƙara a kan na Malam Mai Keji, cututtuka biyu ne suka fi addabar wannan tsuntsu a keji. Ta farko atoksoplasma, ƙwayar cuta ce dangin koksidiya, amma ba a hanji kawai take tsayawa ba, tana shiga jini ta kai hanta da saifa. Hajiya Ummu za ta san ta, ita ce ke sa baƙin tabo a cikin ɗan kanari, hantar ce ta kumbura ake hangowa ta fata. Manya na ɗauke da ita ba alama, 'yan tsaki ne ke mutuwa, musamman dab da fita daga akwati. Gwajin kashi na yaudara in an ɗauka da safe, domin ƙwan cutar da yamma ya fi fita. A tara kashin la'asar na kwanaki a jere. Ƙwan kuma ba ya kamawa nan take, sai ya kwana a ƙasa mai laima ya nuna, shi ya sa share keji kullum da ɗaga kwanon abinci daga ƙasa ke rage ta sosai. Ana ba iyaye toltrazuril ko diclazuril a lokacin kwanci da reno bisa umarnin likita. Maganin danne ta yake yi, ba ya kawar da ita.

Ta biyu taruwar sinadarin ƙarfe a hanta. Hanjin wannan dangi na zuƙar ƙarfe fiye da bukata, jiki kuma ba shi da hanyar zubarwa. Sannu a hankali hanta ta lalace, ciki ya tara ruwa, numfashi ya yi wuya. Dunƙulen abincin da za a ba su ya kasance ƙarfensa bai wuce kashi 100 cikin miliyan ba. Abincin kare da na kyanwa da hanta da jan nama duk a nisanta. Lemu da danginsa kar a haɗa su da abinci, don bitamin C na ƙara zuƙar ƙarfen. A duba kwanon ruwa ma, mai tsatsa ba ya cikin lissafi.

Ummu_Kanari:
Baƙin tabon kam sananne ne, Dakta. To tsuntsun da ke ɗauke da ita ana sakinsa?

Daktan_Tsuntsu:
An daɗe ana muhawara a kai. Ana samun irin waɗannan ƙwayoyi a tsuntsayen daji ma, don haka cewa sai wanda ba shi da ko ɗaya zai fita na iya hana saki gaba ɗaya. Abin da ba a sassauta ba shi ne killacewa ta akalla kwana 30, a auna nauyi, a duba gashi, a gwada kashi da jini. Mai zubar da ƙwan cutar da yawa ko mai rama ba ya fita.

Inna_Tukku:
Ku maza kun tsaya a kan kasuwa da bindiga, kun manta hanya ta uku. Nusa Penida tsibiri ne a kudu maso gabashin Bali, ba ma asalin mazaunin tsuntsun ba ne. Wani likitan dabbobi ɗan Bali, Bayu Wirayudha, da ƙungiyarsa ta kare namun daji FNPF suka bi ƙauyukan tsibirin har suka sa kare tsuntsaye a cikin awig-awig, wato dokar al'adar gari da dattawa ke zartarwa. Gidauniyar Begawan, wadda ta fara kiwo a 1999 da aure biyu da aka kawo daga Ingila, ta ba da tsuntsaye sama da 60 aka saki tsakanin 2006 da 2007. Babu katanga, babu soja. Wanda ya kama, gari ne zai ci shi tara, ga kunya. Kuma sun hayayyafa.

Mai_Gadin_Kurmi:
Sun hayayyafa da farko, Inna. A ƙarasa labarin. Da Begawan ta koma ƙirga a 2015, ƙasa da 20 ta gani, kuma zargin ya fi karkata ga masu tarko. Dokar gari na ɗaure ɗan gari. Baƙon da ya zo da kwalekwale ya koma ba ruwansa da dattawa.

Inna_Tukku:
Ban musa ba. Amma har yau akwai su a tsibirin suna sheƙa a akwatuna, shekaru da yawa bayan sakin farko. Na Prapat Agung na shekarun 1990 da ke da masu gadi ina suke?

Mai_Lissafi:
Ni lambar 420 ɗin ce nake so a riƙe da hankali. Ana ƙirgar ne a wuraren kwana da na cin abinci, mutane da yawa a lokaci guda da sassafe don kar a ƙirga garke ɗaya sau biyu. Lambar ta haɗa wanda aka haifa a daji da wanda aka sako daga keji watan jiya, kuma kowace shekara ana ƙara sakin sababbi. Tulun da ake zuba wa ruwa kullum ba a gane yana yoyo. Ƙa'idar IUCN, ƙungiyar duniya da ke tantance halittun da ke fuskantar ƙarewa, ita ce tsuntsun da aka saki ba ya shiga lissafin manya sai ya haifi 'ya'yan da suka rayu a daji, shi ya sa har yanzu yana rukunin da ke dab da ƙarewa. Ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya shi ne yawan marasa zobe a cikin garke. Su ne haihuwar daji. In rabonsu na ƙaruwa shekara bayan shekara, to ana ci gaba.

Malamin_Halittu:
Da kuma maganar jini. Duk na keji daga 'yan tsirarun kakanni suka fito. Gidajen zoo na Turai da Amurka na da littafin zuriya, suna duba dangantaka kafin su haɗa aure. Mai kiwo don kasuwa kuwa wa da ƙanwa zai haɗa in su ne a hannunsa. Sakamakon shi ne ƙwai marasa ɗa da 'yan tsaki raunana. Kashi goman da ake mayarwa in daga irin wannan gida ya fito, adadi ne ya ƙaru, ba ƙarfin iri ba.

Ɗan_Ruga:
To wanda ya tashi a keji ya san shaho kuwa?

Mai_Gadin_Kurmi:
Bai sani ba, shi ya sa ba a buɗe ƙofa kawai. Ana kai su babban keji a daidai wurin da za a sake su, mai tsawon da za su yi shawagi naman ƙirji ya yi ƙarfi. A rage musu ganin mutane, a sauya abincin kwano da 'ya'yan itacen wurin a kan reshensu, a watsa ƙwari a ciyawa su nema. Kowanne a sa masa zobba masu launi don a gane shi da madubin hangen nesa. A sake su garke, ba ɗaiɗai ba, a farkon damina lokacin da ƙwari suka yawaita, don daminar ce lokacin haihuwarsu. Bayan saki a ci gaba da ajiye abinci da ruwa kusa da kejin, a riƙa ragewa. Makonnin farko ne aka fi asara. Wanda ya saba sauka a kafaɗar mai ba shi abinci kuwa bai dace da saki ba sam, shi ne farkon shiga hannu.

Mai_Lissafi:
Komawa kan tambayar Baban Shaya, ga abin gwaji. Jalak suren na tsibirin Java, shi ma dangi ɗaya ne, mai baƙi da fari. Ana kiwonsa da yawan gaske, yankin Klaten ya yi suna a kai, kejunan gidaje cike suke da shi, ba shi da tsada. A daji kuwa ya kusa ɓacewa ƙaf. In arha ce kaɗai ke ceton tsuntsu, da shi ya fi kowa tsira.

Baban_Shaya:
Wannan ta shige ni, Malam. Sai dai zan ce shi jalak suren ba a ɗaura kiwonsa da sharaɗin mayar da kaso daji ba, kuma ba shi da gandu guda da aka tsare domin shi. Ga maganin ƙwari a gonakin shinkafar da yake kiwo. Amma na ji, kasuwa ita kaɗai ba ta isa ba. Abin da ban janye ba shi ne in ba ita, sauran ba za su yi aiki ba.

Lauyan_Daji:
A kula kuma kar a ɗauki darasin a kai inda bai dace ba. Akun da ake kamowa daga kurmin Kamaru da Kongo da kudancin Najeriya an mayar da shi rukunin farko na CITES a 2016 duk da ana kiwonsa da yawa a wasu ƙasashe. Shi sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya fara ƙwai, kuma dajinsa ya ratsa ƙasashe da iyakoki. Curik kuwa yana saurin balaga, yana kwanci fiye da sau ɗaya a shekara a keji, yawancin na dajin suna lungu ɗaya na tsibiri ɗaya ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Inna_Tukku:
Malam Mai Keji, akwatin da ka kwatanta shi ne ake kafawa a daji? Na san kogunan bishiya sun yi ƙaranci tunda manyan itatuwa sun tafi, kuma shi ba ya fafe nasa, tsohon ramin maƙwaƙwafi yake shiga.

Mai_Keji:
Kusan shi ne, Inna, amma katakon ya fi kauri saboda zafi da ruwan sama, da 'yan huduji a ƙasa don ruwa ya tsiyaye. A kafa shi sama sosai, a inuwa, ƙofar ta juya wa iskar damina baya. A naɗe gindin bishiyar da fallen kwano mai santsi don guza da maciji da ɓera, a kuma sare rassan da suka taɓo daga bishiyar kusa, in ba haka ba kwanon banza ne, ta sama za su bi. Biri kam sai murfi mai sakata. Masu ƙwace akwatin su ne babbar tsakar nan ta yankin da ake kira tokek, da tururuwa, da ƙudan zuma. A duba kowane akwati kafin damina a kwashe tsohuwar sheƙa.

Daktan_Tsuntsu:
Tsohuwar sheƙar a ƙona ta, kar a zubar a gindin bishiya. Ƙuma da ƙwan cutar da na ambata a ciki suke kwana.

Ɗan_Ruga:
Zuma in ta riga ta shiga fa, a kore ta da hayaƙi?

Mai_Keji:
Ko ka kore ta ƙanshin kakin zai jawo wata. A sauke akwatin da dare a ba mai kiwon zuma, a kafa sabo a wata bishiyar da ɗan nisa.